Kumburin babban hanji mai gyambo ga yara

Kumburin babban hanji mai gyambo, wanda likitoci ke kira ulcerative colitis, cuta ce mai daɗewa da ke sa bangon babban hanji ya kumbura ya yi gyambo. Takan fara daga dubura ta hau sama, kuma ga yara ta fi mamaye babban hanjin gaba ɗaya. Garkuwar jiki ce ke far wa hanjin, don haka ba a ɗaukar ta daga wani. Likitan Ingila Samuel Wilks ne ya bayyana ta a 1859.

Alamomi

Babbar alamarta ita ce gudawa da jini da majina, wadda kan yi makonni, ta lafa, ta dawo. Akwai murɗawar ciki, yawan yunƙurin bahaya har da dare, kasala, ƙarancin jini da rama. Wasu yaran kan tsumbure ko su makara wajen balaga.

Ganewa

A karkara irin ta Batsari da Safana, atuni ne ya fi jawo bahaya da jini, musamman da damina idan ruwan sha ya gurɓata. Shi ya sa ake iya ɗaukar wannan cuta a matsayin atuni ko basir, a yi ta maimaita Flagyl ko jiƙo ba sauƙi. Idan jinin ya ƙi tsayawa bayan maganin atuni, ana gwada bahaya da jini, sannan a tura yaron babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar leƙa hanji da na'ura da yanko ɗan nama don gwaji.

Magani

Magani yana kwantar da cutar, ba ya kawar da ita. Ana fara wa mai sauƙi da mesalazine ko sulfasalazine. Idan ta yi tsanani sai a ba da prednisolone na ɗan lokaci, amma bayan an tabbatar ba atunin amiba ba ne, domin maganin yana tsananta shi. Wasu kan buƙaci azathioprine ko infliximab, wasu kuma tiyatar cire babban hanjin. Ana guje wa ibuprofen da diclofenac.

Zubar jini mai yawa, zazzaɓi ko kumburin ciki na buƙatar kai yaro asibiti nan take.