Harajin VAT a kan manhajojin kwamfuta da hajojin intanet

Kafin shekarar 1994, jihohin Najeriya ne ke karɓar harajin cinikayya. Dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ta soke shi, ta maye gurbinsa da harajin VAT, wanda gwamnatin tarayya ke tarawa ta raba wa jihohi da ƙananan hukumomi. Saboda haka hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kaduna ba ta karɓar VAT a kan manhajar da aka saya a Zariya.

Harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020. Daga ranar 1 ga Janairun 2022 kuma, hukumar FIRS ta wajabta wa kamfanonin ƙasashen waje masu sayar da manhaja, waƙa, fim ko talla ta intanet su cire harajin daga masu saye a Najeriya, su miƙa mata.

Misali, maɗinkin manyan riguna a Ƙofar Doka da ya biya Facebook naira 10,000 domin tallata hajarsa, za a ƙara masa naira 750. Haka lamarin yake ga ma'aikacin da ke sabunta lasisin manhajar ofis duk shekara.

Ya kamata ɗan kasuwa ya adana rasit, ya duba ko an riga an saka harajin cikin farashi, domin kada dillali ya caje shi sau biyu.