Tarihin Agogon Shiga Aiki: Daga Ƙararrawa Zuwa Zanen Yatsa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda aka faro amfani da na'ura wajen rubuta lokacin da ma'aikaci ya shiga aiki da lokacin da ya tashi. Za mu fi mai da hankali a kan Ingila da Amurka, domin a can ne al'amarin ya samo tushe. Tambayar da muke son amsawa ita ce: shin wa wannan na'ura take yi wa aiki, mai masana'anta ko ma'aikaci?

2.0 Kafin Zuwan Na'ura

Masanin tarihi E. P. Thompson ya nuna, a wata maƙala da ya buga a 1967, cewa kafin bunƙasar masana'antu aiki ne ke auna lokaci. Wato manomi ko masaƙi yana tashi ne idan ya gama abin da ke gabansa, kamar yadda manominmu ke lissafi da hantsi da azahar. Amma da aka tara ɗaruruwan mutane a rumfa guda ana biyansu lada gwargwadon sa'o'i, sai lokaci ya zama haja, kowane minti da kuɗinsa.

Alal misali, wajen shekarar 1700, a maƙerar Ambrose Crowley da ke kusa da Newcastle, an naɗa mai sa ido da ke rubuta shiga da fitar kowane ma'aikaci, aka kuma kulle agogon ma'aikatar don kada wani ya taɓa shi. Sai dai kuma Thompson ya kawo shaidar ma'aikatan masaƙu na ƙarni na 19 waɗanda suka ce iyayen gidansu kan tura agogo gaba da safe, su mayar da shi baya da yamma. Ke nan tun farko rigimar a kan wanda ke riƙe da lissafi take.

3.0 Zamanin Mabuɗi da Kati

A 1888 Willard Bundy, wani mai sana'ar agogo da kayan ƙawa a garin Auburn na Jihar New York, ya ƙago agogo mai rubutu. Kowane ma'aikaci yana da mabuɗi mai lamba. Da ya zura shi, sai na'urar ta buga lambarsa da lokacin a kan zirin takarda. A 1889 ɗan'uwansa Harlow ya kafa kamfanin ƙera ta a Binghamton. A 1894 kuma Daniel Cooper na Rochester ya fito da irin wadda ke buga lokaci a kan kati, kowa da katinsa.

Cinikin ya haɓaka ƙwarai. A 1900 aka kafa kamfanin International Time Recording, a 1911 aka haɗe shi da wasu kamfanoni, kuma wannan haɗaka ce aka sauya wa suna zuwa IBM a 1924. Ashe ke nan agogon ma'aikata yana cikin kakannin kwamfuta ta fuskar ciniki.

4.0 Yadda Kati Ya Zama Shaida

An ƙera na'urar ne don kama makararru, amma doka ta ba ta wani aiki. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ta wajabta wa masu ma'aikatu ajiye lissafin sa'o'in aiki, kuma daga 1940 duk awar da ta haura 40 a mako ana biyanta ladan awa ɗaya da rabi. A 1946, a shari'ar ma'aikatan kamfanin tangaran na Mt. Clemens, Kotun Ƙoli ta yanke cewa idan mai ma'aikata bai ajiye ingantaccen lissafi ba, za a karɓi ƙiyasin ma'aikaci mai ma'ana, ya rage wa mai ma'aikata ya ƙaryata shi. Haka kuma a 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce wajibi ne ƙasashen Tarayyar su tilasta wa masu ma'aikatu auna sa'o'in aikin kowace rana. Ta haka bulalar da aka tanada don ma'aikaci ta zama garkuwarsa.

5.0 Daga Kati Zuwa Jiki

Kati yana da rauni guda: aboki na iya buga wa abokinsa. Saboda haka, bayan kamfanin Kronos ya fito da agogo mai ƙwaƙwalwar lantarki a 1979, sannu a hankali aka koma ga zanen yatsa da hoton fuska. A nan wata sabuwar matsala ta kunno kai, domin kati idan ya ɓata ana sake wani, amma yatsa ba shi da madadi. Wannan ne ya sa Jihar Illinois ta kafa doka a 2008 da ta hana ɗaukar zanen yatsar mutum sai da rubutaccen izininsa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa na'urar ba ta da gwani. Wanda ke riƙe da lissafin, da wanda ke da ikon dubawa da ƙalubalantarsa, su ne ke tabbatar da ko adalci za ta yi ko zalunci. Don haka muna ganin duk hukumar da za ta kafa irin wannan na'ura, ya kamata ta fara ba kowane ma'aikaci damar ganin lissafinsa kafin a yanke masa ko kwabo.