Daga shantiye zuwa akwatin zaɓe: darasin Sawaba

Yau za mu waiwayi wani tarihi da ya shafi duk mai ɗaukar bulo da kwaɓa siminti a ƙasar nan.

Kafin 1946, yawancin hanyoyi da gine-ginen Turawa da aikin dole aka yi su. Sarki ya ba da mutane, kwamandan ya sa su aiki, ladan bai taka kara ya karya ba. A watan Afrilun 1946 ne dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke wannan aiki. Daga nan kuɗin FIDES suka fara shigowa daga Faransa, shantiye suka yawaita, musamman a Yamai wadda ta karɓi babban birni daga Damagaram tun 1926. Lebura ya koma mai albashi, mai albashi kuwa yana iya yajin aiki, yana iya jefa ƙuri'a.

Djibo Bakary ya gane haka da wuri. Bayan ya raba gari da PPN-RDA, sai ya rungumi aikin sandika, ya kafa UDN a 1954. Magina, kafintoci, direbobi, ƴan dako da ƙananan ƴan kasuwa, su ne ƙashin bayansa. Amma fa ma'aikatan birni ba su da yawa, ƙuri'a tana ƙauye, ƙauye kuma yana hannun sarakuna. Shi ya sa a 1956 ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya. Wannan haɗaka ce jama'a suka sani da Sawaba, mai alamar raƙumi. Djibo ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnati.

To, auren lebura da sarki bai yi ƙarko ba. Da ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ta zo, Sawaba ta ce a'a ga tayin De Gaulle. Gwamna Colombani ya matsa lamba, sarakuna da dama suka juya baya, sai “i” ta samu wajen kashi 78 cikin ɗari. Diori Hamani na jam'iyyar giwa ya karɓi ragama, a 1959 aka haramta Sawaba. Wasu magoya baya suka sha kurkuku, wasu suka yi hijira, wasu kuma suka yi shiru, don sabuwar gwamnati ce ke ba da kwangila da aiki. Ba mu ga laifinsu ba: mai iyali da ke jiran kuɗin yini, da wuya ya yi gaba da mai shantiye.

Mun sake ganin ƙarfin gini a siyasa gab da taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, lokacin da otal-otal da gadojin sama suka tashi a Yamai. Matasa sun samu aiki, amma da aka yanke kintinkiri, lebura na yini ya koma bakin titi da shebur ɗinsa.

Abin da muka ɗauka shi ne, a zamanin Sawaba ma'aikaci ya samu murya ne saboda yana da ƙungiya. In babu ita, ƙuri'arsa takan bi wanda ya buɗe shantiye na ƙarshe. Saboda haka duk ranar da masu neman ƙuri'a suka dawo da alkawarin gine-gine, mu tambaye su: akwai takardar aiki? Akwai rajista a CNSS? Wa zai biya magani in mutum ya faɗo daga bene?

Dattawanmu na Tasawa, Maraɗi da Damagaram da suka ga wancan zamani, muna jiran gyaranku. Allah Ya sa mu dace.