Kwamfuta a Cikin Kwamfuta: Daga IBM Zuwa Laftof ɗin Ɗalibi

A 1967 masu bincike na IBM a Kembirij ta Amurka suka fara aiki da CP-40, manhajar da ke raba babbar kwamfuta ɗaya ta koma kamar guda 14, kowa da tasa. Tsada ce ta jawo haka, don na'ura ɗaya kan cika ɗaki guda. A 1972 aka fito da VM/370.

Ƙananan kwamfutocin gida sun daɗe ba su iya wannan da kyau ba, sai da VMware ta yi musu dabara a 1999. Intel ta saka VT-x cikin injinanta a 2005, AMD ta biyo sahu a 2006.

Tarihin nan ya shafi ɗalibin Tambuwal ko Kebbe da ya sayi laftof na hannu don koyon Linux a VirtualBox. In VM ɗin ta ƙi tashi, galibi VT-x ne a kashe. Shiga BIOS ka kunna shi. In RAM ɗinka 4GB ce, kar ka ba baƙuwar fiye da rabi, in ba haka ba ita da mai masaukinta duk rarrafe za su yi.