Raƙumar Mawaƙi da Hanyar Ɗaiba: Tafiya a Matsayin Maganin Kewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk almajirin da ya shigo birnin Zariya ta Ƙofar Jatau da ƙunshin littattafai a kansa, ya nufi zaurukan malaman Kona ko Juma, ya baro uwa da uba a wani gari. Idan karatunsa ya kai ga diwanin mawaƙan jahiliyya, sai ya tarar da halin da yake ciki a rubuce. Mawaƙi yana tsayawa a kufan masoya, ya ga sun tashi, ya yi kuka. Idan kewa ta yi masa yawa, sai ya ɗaura wa raƙumarsa sirdi ya faɗa sahara, ya mantar da zuciyarsa da wahalar hanya. Haka Ɗarafa da Labidu suka yi a mu'allaƙoƙinsu, kuma Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 bayan Hijira, ya bayyana wannan tsari na ƙasida.

Tafiyar ta sami alƙibla a hannun Ka'abu ɗan Zuhairu, Allah ya yarda da shi. Ya buɗe ƙasidarsa da rabuwa da Su'adu, ya siffanta raƙuma, ya ƙare a gaban Manzon Allah (S.A.W.) a Madina yana neman afuwa, ya kuwa samu. Masu bege da suka zo baya, irin su Alfazazi mai Ishiriniya da Busiri mai Burda, suka mayar da kufan masoya ya zama shauƙin Ɗaiba.

Malamanmu sun gaji wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da kimanin shekara 20, a 1188 Hijiriyya (1774), ya tsara Daliyyarsa yana kukan begen ziyarar Madina. Ya taɓa bin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, amma ya komo saboda bai sami iznin mahaifinsa ba, kuma Allah bai nufe shi da zuwa Hijaz ba har ya rasu a 1817. Tafiyar da ƙafa ta kasa, baiti ya yi ta.

Labarin ƙaninsa Malam Abdullahi ya fi taɓa zuciya. Yaƙunan Tsuntsuwa da Alwasa sun cinye abokansa na karatu, mahaddata da masu tsoron Allah. Ya duba waɗanda suka rage ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga tsakaninsu, ya ji ya zama baƙo a cikin jama'arsa. A 1222 (1807) ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Madina, ya zuba wannan kewa a ƙasidun da ya tattara cikin Tazyinul Waraƙati. Da ya iso Kano, mutanenta suka riƙe shi suna neman ya karantar da su. Ya zauna ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya koma wurin ɗan'uwansa. Ya fita yana gudun mutane, sai Allah ya sanya warakarsa a hidimar mutane.

Zazzau ma tana da nata rabo. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, jikan Malam Musa, ya hau gadon sarauta a 1903, malami ne kuma mawaƙi, shi ne mai Tabarƙoƙo da Waƙar Diga. A 1920 Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja, inda ya rasu a 1924, nesa da ganuwar garinsu. Tasa tafiyar ta dole ce, kuma irin wannan ba ta gusar da kewa, ƙara ta take yi. Sai Malam Aliyu Namangi, wanda ya rasu a 1990. Allah bai ba shi ganin ido ba, amma a Imfiraji ya kai masu sauraro Madina da zuci, har makafi da almajirai suka riƙa rera ta ƙofa ƙofa. Sunan waƙar kansa yayewar ƙunci yake nufi.

Magabatan Sufaye sun ambaci wahsha, wato kewar da bawa ke ji, suka ambaci unsu, wato natsuwa da Allah, suka ce siyaha ba ta amfani sai an san Wanda aka nufa. Wanda ya bar gari don gudun kaɗaici kawai zai tarar da shi yana jiransa a zango na gaba. ’Yan'uwan da suka taso daga garuruwa masu nisa zuwa wannan taro suna cikin wannan tsohon ayari. A cikinsu akwai wanda ya rasa shaihinsa, akwai wanda abokan zikirinsa suka riga shi, akwai baƙon da bai san kowa ba. Haƙƙinsa ne a kan masu masauki su matsa masa a tabarma.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sada mu da Ɗaiba, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.