Ƙananan Sinadarai a Tankin Murjani

Ƙananan sinadarai su ne irin su aidin, baƙin ƙarfe da manganis, waɗanda ruwan teku ke ɗauke da su kaɗan ƙwarai. Aidin kusan miligiram 0.06 ne a lita. Bai kamata mai kiwon murjani ya zuba abin da bai auna ba, domin jan ƙarfe kaɗan ya isa ya kashe murjani, kuma sauya ruwa da sabon haɗin gishiri yakan mayar da abin da ya ragu. Wasu za su ce tankin da ya cika da murjani yana shanye sinadaran da sauri. Gaskiya ne, sai dai maganinsa gwajin ICP ne: a aika kwalbar ruwa ɗakin gwaji, sannan a ƙara abin da ya gaza kaɗai, ɗigo-ɗigo.