Ina Ake Dosa In Ƙasa Ta Rushe? Abin Da Makau Da Ɗan Kasawa Suka Duba



A zaman karatu na ƙungiyarmu na watan jiya, wani ɗan'uwa ya karanta mana babin farko na littafin da yake rubutawa. A labarin, gwamnati ta rushe, babu wuta, babu kasuwa, kowa tasa ta fisshe shi. Sai jarumin ya loda iyalinsa da buhunan shinkafa a mota, ya nufi wani dutse a tsakiyar daji, suka shige kogo suka yi shekara uku lafiya lau. Rubutun ya yi daɗi, ban ƙi ba. Amma da aka zo sharhi sai na yi masa tambaya biyu: ina suke ɗebo ruwa, kuma dutsen na wane ne? Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa tunanin dutse yana da mai shi ba.

Na san inda ya samo hoton, a fina-finan Amurka ne. Can akwai masu tanadin ranar rushewa tun zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da ake haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa don tsoron makamin nukiliya. Yanzu attajiransu Niyu Zilan suke hange. Peter Thiel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa PayPal, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar a 2011, kuma a 2021 wani nazari daga Jami'ar Anglia Ruskin ta Ingila ya sa ta a kan gaba cikin wuraren da za su iya jure rushewar duniya, saboda tsibiri ce mai ƙasar noma da ƙarancin jama'a. To su dai har yau hasashe suke yi. Mu kuwa an taɓa yin abin a nan, a kan kakanninmu, kuma an rubuta.

Tsakanin 1804 da 1808 gidajen sarautar da suka yi ɗaruruwan shekaru suna mulkin ƙasar Hausa suka faɗi ɗaya bayan ɗaya a hannun masu jihadi. Ba zancen wa ke da gaskiya ya kawo ni ba, wannan muhawara ce ta wani makon. Abin da nake so mu duba shi ne mutumin da ya wayi gari duk abin da ya sani da sunan hukuma ya tafi, ga mata da yara da dawakai a bayansa, dole kafin rana ta faɗi ya ce gabas za a yi ko kudu.

Mu fara da Zazzau. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin Abuja da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952. A ruwayarsu, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan gari lokacin da rundunar Malam Musa ta iso, bai samu komawa cikin birni ba. Su sun sa abin a 1804, mafi yawan manazarta kuma sun fi karkata ga 1808. Ko ma wacce ce, ku lura da wannan: bai tsaya ɗaukar komai ba. Rumbunan fada da taskar da aka tara duk suna cikin ganuwa, shi yana waje. Tanadin da ya yi masa rana shi ne mutanen da suka yarda suka bi shi.

Ya yi kudu. A ruwayar, Kauru ta rufe masa ƙofa, Kajuru ta buɗe, daga nan ya ƙarasa Zuba, kusa da Dutsen Zuma, tafiyar sama da kilomita 200 daga Zariya. Me ya sa kudu? Abu na farko, ba baƙon wuri ya je ba. Ƙasashen Koro da Gwari na wannan yanki sun daɗe suna bin Zazzau suna kai gaisuwa, saboda haka sunan Makau yana da nauyi a can ko da babu fada a bayansa. Na biyu, ƙarfin yaƙin wancan zamani doki ne, doki kuwa fili yake so. Ƙasar duwatsu da rafuka da kurmi tana karya masa gudu, ƙudan tsando kuma yana kashe shi. Na uku, ruwan sama ya fi yawa a can, ga doya ga dawa, rundunar da ta baro gonakinta za ta samu abin sa wa a baki.

Duk da haka Makau bai taɓa samun mazauni na dindindin ba. Ya yi ta yawo yana yaƙi har ya rasu a wajejen Lapai a 1825. Ƙanensa Jatau, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa gari a 1828 a gefen kogin Iku, cikin tsaunuka, shekara guda bayan nan aka fara ganuwa. Garin ya ci sunansa, Abuja. Ku ƙirga da kanku: kusan shekara 20 tsakanin fita daga Zariya da dasa harsashin sabon gida. Yaron da aka goyo ranar gudu ya isa aure kafin a ce ga inda za a zauna. A labaranmu mukan gama wannan a shafi ɗaya, jarumi ya gudu da dare, da asuba ya iske aljannar duniya tana jiran sa.

Zaɓen ya yi kyau ta fuskar tsaro. Sarakunan Fulani na Zariya ba su taɓa cin Abuja ba, har harin da Sarkin Zazzau Yero ya kai a 1893 bai yi nasara ba. Sai dai akwai abin da ba ma son faɗa. Garin ya rayu ne da yaƙi da hari a kan maƙwabtansa, da tare hanyar fatake, kuma Gwarawan da aka iske a wurin su suka ɗauki nauyin ciyar da masu sarautar da suka zo. Sai a zamanin Abu Kwaka, wanda ya hau a 1851, aka fara sakar wa baƙin 'yan kasuwa hanya. Wurin da ya zama mafaka ga wani, ga wanda aka tarar a ciki sabon ubangida ne ya sauka. Amsar tambayata ta biyu ke nan: dutse yana da mai shi, kuma ko dai ku daidaita, ko ka fi ƙarfinsa, ko ya kore ka.

Katsinawa nasu ya fi ɗaci. Da birni ya faɗi, Sarki Magajin Halidu ya ja zuwa Ɗankama, aka bi shi can aka ci su, ruwaya ta ce rijiya ya faɗa. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, ya kai su ƙasar Damagaram suka yi shekaru suna zaman cin arziki. Damagaram ta fi nisa da abokan gaba, ta fi kwanciyar hankali, amma ba su zauna ba. Wajen 1819 mutanen kwarin Maraɗi suka yi wa wakilin sabuwar hukumar Katsina tawaye, suka kirawo Ɗan Kasawa. Ya zo ya zauna a wurin da bai kai kilomita 100 daga birnin da aka kore su ba.

Na daɗe ina mamakin wannan. In tsira kawai kake nema, me zai dawo da kai bakin ramin kura? Amsar da na gamsu da ita ita ce, shi ba ɓuya yake nema ba, gida yake so ya koma, kuma a nan ne yake da jama'ar da suka gayyace shi da bakinsu. Kwarin Gulbin Maraɗi a lokacin kurmi ne mai duhu, ruwa yana kusa da ƙasa, fadama tana ba da abinci har da rani, mazaunansa kuma maharba ne da suka san kowace hanya. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su, Gobirawa ma suka zo suka kafa Tsibiri a wannan kwari, 'yan kilomitoci daga Maraɗi. Daga nan aka yi ta kai hari cikin ƙasar Katsina da Zamfara har ƙarshen ƙarnin, sunan Ɗan Baskore ya zama abin tsoratar da yara, ƙauyuka da yawa suka tashi suka koma garuruwa masu ganuwa. Dajin Rugu da maharan Maraɗi suke ratsawa a wancan lokaci, shi ne dai wanda muke jin sunansa a labaran rediyo yau. Daji bai san mai gaskiya ba, duk wanda ya shiga shi yake rufa wa asiri.

Ba su koma Katsina ba. Turawa suka zo suka ja iyaka, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila. Sannan a 1945 gulbin da ya ɓoye su ya yi ambaliya ya cinye garin, dole aka tashe shi aka mayar kan tudu, inda yake yanzu. An zaɓi kwari ne don tsoron doki, babu wanda ya sa ruwa a lissafi. Abuja ma haka zamani ya juya ta: a 1976 gwamnatin Murtala ta zaɓi yankin don ya zama babban birnin ƙasa saboda yana tsakiya, kowa zai iya zuwa, aka karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Rushewa ta biyu ita ce ta 1903, kuma a nan ganuwa da dutse duk ba su yi amfani ba, domin igwa ce ta zo. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Manyan daula suka rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu ana dab da shuka suka bi shi. Waziri Buhari ya zaɓi zama, ya kuma rubuta hujjarsa, cewa in malamai da shugabanni duk suka tafi, wa za a bar wa talakawan da ba su da halin tafiya? An kashe Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin yana nan da sunansa har yau. Sun samu ruwa da ƙasar noma, amma jikokinsu sun daɗe suna fama da batun takardar zama 'yan ƙasa, ana ce musu Fallata. Turawan Ingila da suka guda kuwa, su suka tarar suna mulki a can.

Ni dai ban iya yanke hukunci tsakanin Attahiru da Waziri ba, kuma marubucin da zai ɗauki wannan labari ya mai da ɗaya jarumi ɗaya matsoraci, ya cuci labarin. Mafi yawan mutane ma ba su cikin ko wanne lissafi. Ba su da doki, ba su da suna da zai buɗe musu ƙofar Kajuru. Tsohuwa da ba ta iya tafiya, mai ciki wata takwas, manomin da hatsinsa ke cikin rumbu ba shi da jakin ɗauka, su ne ba mu da sunayensu a littattafan tarihi, kuma su ne na fi so in gani a littattafanmu.

Abin bai tsaya a takarda ba a wurina. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, kwarin da ya karɓi Ɗan Kasawa shi ke karɓar su. Kawuna yana wani ƙauye a yammacin Katsina. Bayan an shiga garinsu karo na biyu, muka zauna da shi a kan inda zai koma. Ni da 'yar difilomata na kawo masa lissafi: cikin birni akwai jami'an tsaro, akwai asibiti, yara za su yi makaranta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, a birni wa zai ba ni aron gona? In na kwanta ciwo, wa zai leƙo?"

Bai je birni ba. Ya koma wani ƙaramin gari a bakin titi inda 'yarsa take aure, surukansa suka ba shi ɗaki biyu da wani fegi a bayan makarantar firamare. Ya sayar da shanun huɗa, ya bar akuya huɗu. Gonarsa ta gado tana nan, tafiyar awa guda a babur. Da damina yakan bi ayarin 'yan garinsu su tafi da sassafe in an ji hanya shiru, su dawo kafin la'asar. Bara gero ya yi kyau, ya yanke rabi ya kwaso, ranar da za su koma ɗaukar sauran aka aiko musu kada su zo. Makullin tsohon gidan yana nan a aljihun rigarsa, ko da yake an ce ƙyauren ma an cire.